Waiwaye: Sunan da ya ɓoye mutuwar bandikut huɗu

Masana dabbobi a Ostareliya na ta ja-in-ja kan ko an wuce gona da iri wajen rarraba bandikut zuwa sababbin nau'o'i. Bandikut dabba ce mai dogon baki, girmanta ya kai na gafiya, tana goyon 'ya'yanta a jakar ciki kamar kangaru. Wasu na cewa 'yan bambance-bambancen haƙori ne kawai ake mayarwa sababbin sunaye. Amma rigimar ta girmi masu yin ta.

Tun farko sunan aro ne. Daga harshen Telugu na Indiya ya fito, inda yake nufin wani ƙaton ɓera, Turawa suka liƙa wa dabbar da ba ta haɗa komai da ɓera ba. A 1804 aka ba wani nau'in bandikut sunan kimiyya Perameles nasuta, a 1824 kuma masana biyu daga Faransa suka raɗa wa wata ta yankin Shark Bay, a gaɓar tekun yammacin Ostareliya, suna Perameles bougainville.

Inda aka fi mantawa shi ne tsakiyar ƙarni na 20. A lokacin ne aka tattara bandikut masu zane a ƙugu na kudanci da yammacin ƙasar, waɗanda a da yawancinsu ke da nasu sunan, aka cusa su ƙarƙashin bougainville. Hujjar ba ta wuce 'yan fatu da ƙoƙunan kai da ke ajiye a gidajen tarihi ba, su ma a warwatse tsakanin Landan da Faris da biranen Ostareliya. Kuma a daidai wannan zamani dila da kyanwar da Turawa suka kawo sun riga sun cinye na babban yankin ƙasar, tumaki da zomaye sun lashe ciyawar da suke fakewa a ciki. Da yake wasu sun tsira a tsibiran Bernier da Dorre na yankin Shark Bay, sai littafi ya nuna cewa nau'in na nan da ransa, yankinsa ne kawai ya ragu. Wa zai yi makokin dabbar da ba ta da suna?

Sai a 2018 masana biyu, Kenny Travouillon da Matthew Phillips, suka sake auna tsofaffin ƙasusuwan, suka gano nau'i biyar ne, huɗu sun ƙare. Ɗaya daga ciki, ta filin Nullarbor, ba ta taɓa samun suna ba sai a wannan shekarar: papillon, wato malam-buɗe-littafi da Faransanci, saboda zanen da ke bayanta.