Mulki, iko, mallaka, danniya: wace kalma ce ta dace a ina?

A labarun rediyo na safiya ɗaya za ka iya jin an ce wani ya karɓi mulki, wani ya ƙwace iko, wasu sun mamaye gari, wani kuma ya yi babakere a kasuwa. Mutane da yawa suna musanya waɗannan kalmomi kamar duk ɗaya ne. Ni kuwa abin yana damuna, domin kowace daga cikinsu tana ɗauke da hukunci a kan wanda ake magana a kansa. Da kalma ɗaya za ka wanke azzalumi, da wata kuma ka shafa wa mai gaskiya kashin kaji.

Shin mulki da iko ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Mulki aro ne daga Larabci, tushensa ɗaya da sunan Suratul Mulki, sura ta 67, wadda muka fi sani da Tabaraka. Mulki yana bukatar jama'a da ƙasa, kuma yana da zamani. Shi ya sa ake cewa an yi abu kaza a mulkin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, tsakanin 1926 da 1953, ko a mulkin soja, ko na farar hula.

Iko ya fi shi faɗi, kuma ya fi shi shiga rayuwar yau da kullum. Je ka shagon atamfa a Kantin Kwari ka taya turmi ƙasa da kuɗinsa. Yaron shago zai juya turmin a hannu, ya dubi kujerar maigidansa da ba kowa a kai, ya ce, "Wallahi Alhaji ba ni da iko, sai maigida ya dawo." Ba zai taɓa cewa ba shi da mulki ba. Mai gadi yana da ikon hana ka shiga, uba yana da iko da ɗansa, alƙali yana da ikon yanke hukunci. A nan iko ya haɗa izini da iyawa, kuma yawanci wani ne ya ba ka shi, ya yi maka iyaka. Ikon da ba shi da iyaka ɗaya ne, shi ne wanda muke ambata idan abu ya gagari hankali: ikon Allah.

Ana iya samun mulki babu iko. Gwamnan da ubangidansa na siyasa ke zaɓar masa kwamishinoni yana kan kujera, ana yi masa jiniya, amma ta cewa tana wani gidan. Akwai kuma wani mulkin na hali, kamar a ce "wance akwai mulki", wato ƙasaita da jin kai, ko da ba ta shugabantar kowa.

To ina sarauta ta shigo?

Sarauta tamu ce tun asali, daga sarki. Naɗa ta ake yi da rawani, mai mulkin zamani kuwa rantsar da shi ake yi. Kuma ba ta tsaya a fada ba: akwai Sarkin Pawa, Sarkin Kasuwa, Sarkin Aski, Sarkin Noma.

A da sarauta da mulki a hannu ɗaya suke. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka kafa a ƙarƙashin sarakuna, sarki ne ke da kotu da 'yan doka da gidan yari da baitulmali. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Tun daga nan kalmomin biyu suka raba hanya a bakin mutane. Yau sarki yana da sarauta da girma da faɗa-a-ji, mulki kuwa yana gidan gwamnati.

Me ya sa ake kiran zamanin Turawa "mulkin mallaka"?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a cikin kalmomi biyu an shigar da ƙara an kuma yanke hukunci. Mallaka, ita ma daga wancan tushen na Larabci, ta dukiya ce. Ana mallakar gida, gona, doki, mota. Ɗan Adam kaɗai da aka taɓa cewa an mallaka shi ne bawa. Saboda haka idan aka ce mulkin mallaka, ana nufin mulkin da ya ɗauki ƙasa da mutanen cikinta a matsayin kayan wani.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Ingilishi sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin shekarar. A takardunsu sun kira Arewa ƙasar da suke bai wa kariya. Talakan da ya biya haraji da jangali, aka kuma kwashe shi aikin tilas, bai ga kariya ba, kuma sunan da ya zauna a harshensa shi ne wanda ya dace da abin da ya gani.

Kishiyarsa mulkin kai. Jihar Arewa ta sami nata ranar 15 ga Maris 1959, shekara 56 cif da faɗuwar Sakkwato. 'Yancin kai ya biyo baya a 1960: Nijar ranar 3 ga Agusta, Najeriya ranar 1 ga Oktoba.

Amma ai ana cewa mace ta mallake mijinta. Shi ma bawa ne?

Kusan abin da masu faɗin haka ke nufi ke nan. Lura da wasalin ƙarshe. Hausa tana da wata dabara ta nuna an yi abu gaba ɗaya, ba a bar komai ba: danna da danne, kama da kame, mallaka da mallake. Wanda aka mallake ba shi da sauran ra'ayi, shi ake yi wa laƙabi da mijin-ta-ce.

A nan ina da ƙorafi. Sau da yawa miji ya zauna da matarsa sun yi shawara kan makarantar yara ko kuɗin cefane, sai dangi su fara raɗa cewa an mallake shi, har a kai ga zargin boka. Shawara daban, mallaka daban, kuma wannan kalma ta kashe aure ba ɗaya ba. A gefe guda kalmar tana da wuri mai kyau: idan aka ce yaro ya mallaki hankalinsa, yabo ne, ya kai munzalin da zai riƙe kansa.

Mene ne bambancin danniya da kama-karya da fin ƙarfi?

Danniya ta dawwama ce, nauyi ne da ke zaune a kan mutum. Dubi mai dankali a bakin titi yana kasa kayansa: ƙananan a ƙasa, ya jera matsakaita a kai, ya ɗora manyan can sama inda mai saye zai gani. Daga nan aka samo "kashin dankali", manya a kan ƙanana. Ana danne haƙƙi, ana danne magana, ana danne gadon marayu.

Kama-karya salon mulki ne, wanda ba a tambaya, ba a ɗaukaka ƙara. Karya ce ta karyawa, ba ƙarya kishiyar gaskiya ba, don haka a rubuta ta da k marar lanƙwasa. Fin ƙarfi kuwa yakan zama na lokaci ɗaya: ka san kai ke da gaskiya, shi ma ya sani, amma ya fi ka kuɗi ko hanya. Zalunci shi ne inuwar da ta rufe su duka, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ke tuna wa mai ji da ranar hisabi.

Babakere da kaka-gida da mamaya fa?

Babakere na mai tare wuri ne. Ɗan kasuwar da ya saye duk masarar da ta shigo Dawanau don ya saka farashin da ya ga dama ya yi babakere, shi ya sa kalmar ke tafiya tare da handama. Kaka-gida na baƙon da ya zo ya miƙe ƙafa ya ƙi tafiya, kamar yadda ake cewa 'yan bindiga sun yi kaka-gida a daji. Kane-kane ya yi kusa da su, na wanda ya shige ya riƙe ko'ina.

Mamaya tana da shammata a cikinta. "Ka mamaye ni" yana nufin ka zo ban shirya ba. Daga nan ta zama kalmar shigar sojojin wata ƙasa cikin wata, kamar mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwaiti a 1990. Ciyawa ma tana mamaye gona, ambaliya ta mamaye unguwa.

Akwai kalmar fifiko da ba ta da zargi a cikinta?

Akwai: rinjaye. Hoton ma'auni ne, ɓangare ɗaya ya fi nauyi ya sauka. Jam'iyyar da ta fi kujeru a cikin 109 na Majalisar Dattawa ita ce mai rinjaye, kuma faɗin haka ba zagi ba ne. Mai rahoton da ya ce jam'iyya ta yi babakere a majalisa alhali ƙuri'a ce ta ba ta, ya bar labari ya koma sharhi. Idan kuma maguɗi aka yi ya kira shi rinjaye, ya rufa wa ɓarawo asiri.

Idan abu ake juyawa ba mutum ba, wace kalma za a ɗauka?

A nan masu fassara suka fi tuntuɓe, sai su liƙa iko ko mulki a ko'ina. Na'ura sarrafa ta ake yi, haka ma harshe a bakin mai fasaha, haka gyaɗa idan za a fitar da mai da ƙuliƙuli. Gobara da annoba shawo kansu ake yi. Fushi haɗiye shi ake yi, baki kuma kame shi.

Mafi daɗin kalmomin nan daga dabbobin hawa muka samo su. Akala ita ce igiyar da ake jan raƙumi da ita, kuma duk wanda ya ga ayari ya san ƙaramin yaro yana iya jan amale idan akala na hannunsa. Shi ya sa "juya akalar gwamnati" ta fi dacewa da wanda ba a gani a kan kujera. Ragama ta doki ce, ita sabon shugaba ke karɓa ranar rantsuwa. Linzami shi ne ƙarfen bakin doki da mahayi ke tsayar da shi ko ya karkata shi, har ya ba mu sunan makami mai linzami, wanda ake saita inda zai faɗa. Daga mahauta kuma muka samo "wuƙa da nama". Ka tsaya gaban teburin mahauci ka nuna tsokar da kake so, shi kuma ya ɗan gusa da wuƙar, ya haɗa maka da kitse da ƙashi, ya ɗora a sikeli. Wanda aka ce shi ke da wuƙa da nama a ma'aikata, haka yake raba muƙamai da kwangila.