Cuɗanyar Mai Shan Maganin Danne Garkuwar Jiki da Jaririn da Ba a Yi wa Rigakafi ba

Magungunan danne garkuwar jiki su ne waɗanda likita ke bayarwa da gangan don a rage wa garkuwar mutum kaifi. Ana bai wa wanda aka yi wa dashen ƙoda, hanta ko zuciya, gudun kada jiki ya ɗauki sabuwar gaɓar a matsayin baƙuwa ya far mata. Ana kuma bai wa masu cututtukan da garkuwa ke juyowa kan mai ita, kamar amosanin gaɓoɓi mai kumburi, lufus da cutar Crohn ta hanji. Cikinsu akwai firednisolon da danginsa na sitiroyid, da metotireksat, da takrolimus, da saikulosforin wanda Amurka ta amince da shi a 1983, sai allurai na baya-bayan nan irin su infiliksimab da rituksimab. Maganin ciwon daji ma yana raunana garkuwa, ko da yake ba don haka ake shan sa ba. Mai shan ɗaya daga cikinsu, da zarar an yi haihuwa a gidansa ko a danginsa, tambayar da ke fara taso masa ita ce ko zai iya ɗaukar jaririn. Galibi zai iya, amma da sharuɗɗa.

Inda haɗarin yake

Rashin rigakafi ba cuta ba ne. Jariri lafiyayye da bai taɓa karɓar allura ba, ba ya ɗauke da ƙyanda ko tarin shiƙa sai in wani ya shafa masa. Hasali ma kowane jariri yana da tazarar da ba a kai ga yi masa wasu allurai ba: ta tarin shiƙa ana fara ta ne a mako 6 ko wata 2, ta mura ba a yin ta kafin wata 6, ta ƙyanda kuwa sai wata 9 a ƙasashen da cutar ke yawo, wata 12 inda ta lafa. A watannin farko, kariyar da ya samo daga uwa ta mabiyiya tana tare masa wasu cututtuka, sannan mutanen da yake haɗuwa da su kaɗan ne. Yayansa ɗan shekara 2 ko 3 da ke wuni cikin yara, yana dawowa da majina da tari, shi ya fi zama abin lura.

Ƙarfin maganin ma ba ɗaya ba ne. Wanda ke shan miligiram 20 na firednisolon ko fiye a kullum har tsawon kwana 14 ana lissafa shi cikin masu raunin garkuwa sosai, haka wanda ke cikin watannin farko bayan dashe. Rituksimab kuwa yana share ƙwayoyin jinin da ke ƙera kariya na wata 6 ko fiye. Mai shan ɗan ƙaramin metotireksat sau ɗaya a mako ba ya cikin wannan sahu.

Ƙyanda ita ce aka fi tsoro, kuma da dalili. Ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa kariya da suka kusance shi, 9 na iya kamuwa. Yaro yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su bayyana, lokacin da kowa ke ɗaukar abin a matsayin mura da jan ido. A jikin mai raunin garkuwa kuwa tana iya zuwa ba ƙurji ko ɗaya, ta wuce kai tsaye zuwa huhu ko ƙwaƙwalwa. Akwai allurar kariya da ake tacewa daga jinin masu lafiya, amma sai an yi ta cikin kwana 6 da haɗuwa da mai cutar. Shi ya sa jiran "mu ga yadda jiki zai yi" kuskure ne babba a nan. Ƙarambau ma haka take ga wanda bai taɓa yin ta ba: tana yaɗuwa tun kwana 1 ko 2 kafin ƙuraje, har sai duk sun bushe sun yi ɓawo, kuma wa'adin allurar kariyarta kwana 10 ne.

Jaririn da aka ɗiga wa rigakafi

Abin da mutane da yawa ba sa zato shi ne, wani lokacin jaririn da aka kai rigakafi jiya ya fi bukatar a yi hattara da shi. Wasu rigakafin ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ɗigon shan inna na baki yana fita ta bayan gidan yaro na makonni, don haka shawarar likitoci ita ce a yi wa jaririn da ke gida ɗaya da mai raunin garkuwa ta allura, wadda ƙwayarta matacciya ce. Amurka ta daina amfani da ɗigon a 2000, Birtaniya a 2004, amma ƙasashe da dama suna yin sa har yanzu, saboda haka ya kamata iyaye su sanar da ma'aikacin lafiya halin da gidan ke ciki kafin ya ɗiga.

Ɗigon rotabairos mai hana gudawa shi ma yana fita ta kashi, sai dai ba a hana jariri shi saboda wani na gida. Ƙungiyar masana cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, a jagorarta ta 2013, ta ce mai raunin garkuwa sosai ya bar wa wani canjin kunzugu na mako 4. In babu mai yi sai shi, ya sa safar hannu, ya naɗe kunzugun ya jefa, ya wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ya taɓa baki ko abinci. Allurar ƙyanda kuwa ba ta tsallakawa daga yaro zuwa wani. Jinkirta ta don "kare" kaka mai dashen ƙoda mayar da hannun agogo baya ne, domin yaron da ya samu kariya shi ne shingen kakar.

Daga babba zuwa jariri

An fi mantawa da wannan ɓangaren, alhali jaririn shi ma mai raunin garkuwa ne. Maganin yana iya tayar da cututtukan da suka daɗe kwance a jikin babba. Ƙwayar ƙarambau takan farka ta fito da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, kuma ruwansu na iya sa wa jariri ƙarambau, don haka a rufe su da bandeji har su bushe. Ƙurjin nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, sumba ɗaya da shi tana iya zama ajalin jaririn da bai cika wata guda ba. Infiliksimab da danginsa suna tayar da tarin fuka, shi ya sa ake gwaji kafin a fara su. Duk tarin da ya wuce mako 2 a duba shi kafin a koma rungumar jariri. A sani kuma sitiroyid yana ɓoye zazzaɓi, ma'aunin zafi zai iya nuna lafiya lau alhali ciwo ya kama.

Kada dai mai magani ya dakatar da shi da kansa don ya samu ganin jika. Jiki na iya ƙin gaɓar da aka dasa, yanke sitiroyid farat ɗaya kuma yana iya jefa mutum cikin mummunan hali. Abin da ke aiki shi ne a cika rigakafin duk 'yan gida, shi ma mai maganin a yi masa waɗanda ba su da ƙwaya mai rai, in da hali mako 2 kafin ya fara shan magani.

Idan uwar ce mai maganin

Infiliksimab yana ratsa mabiyiya, musamman a watannin ƙarshe na ciki, ya kuma daɗe a jinin jariri bayan haihuwa. A 2010 likitoci a Birtaniya suka ba da rahoton jaririn da mahaifiyarsa ta karɓi wannan allura tana da ciki saboda cutar Crohn. An yi masa BCG, rigakafin tarin fuka, yana wata 3, ƙwayar ta bazu a jikinsa, ya rasu yana wata 4 da rabi. A 2022 hukumomin magunguna a Turai suka ba da shawarar a jinkirta wa irin waɗannan jarirai rigakafi mai rai har wata 12, sai in likita ya ga dalilin yin sa da wuri. Sauran alluran ana yi musu a kan kari. A ƙasashen da ake yin BCG tun ranar haihuwa, sunan maganin da ranar da uwa ta karɓi allurar ƙarshe ya kamata su kasance a rubuce a katin awonta tun kafin naƙuda ta zo.