Tsofaffin littattafan ƙagaggun labaran kimiyya da zanen bangonsu: tambayoyi da amsoshi

Waɗanne littattafai ake nufi?

Ƙananan littattafai ne masu bango mai laushi, tsawonsu kimanin santimita 18, faɗinsu 11, waɗanda aka yi ta bugawa a Amurka da Ingila daga shekarun 1950 zuwa na 1970. Labaransu na tafiya duniyoyi ne a kumbo, da mutum-mutumi, da rayuwar gobe. An fi sayar da su a tashoshi da shagunan jarida, da yawansu a kan santi 35 na dalar Amurka.

Me ya sa wasu suke da bango biyu?

Wannan dabarar kamfanin buga littattafai na Ace ce, wanda aka kafa a 1952. Littattafai biyu ake haɗawa a ɗauri ɗaya, baya da baya, ɗaya a kife. Idan ka gama na farko sai ka juya littafin ka fara na biyu daga nasa bangon. Irin wannan haɗi na farko a fannin ƙagaggun labaran kimiyya ya fito a 1953, aka ci gaba da wannan tsari har 1973. A haka littafin marubuci Philip K. Dick na farko, Solar Lottery, ya fito a 1955. Sai dai a kula: editan Ace, Donald Wollheim, yakan rage tsawon labari don ya shiga adadin shafuka, yakan kuma sauya masa suna. Mai neman cikakken rubutun marubuci ya gwada da wani bugun.

Me ya sa zanen bango ba ya dacewa da labarin ciki?

Domin aikin bango shi ne tsayar da mai wucewa. Sau da yawa mai zane taƙaitaccen bayani kawai ake ba shi. Yana yin zanen a kan kwali mai kauri, ya fi girman littafin, ya bar sarari a sama don suna da farashi, sannan a rage shi a maɗaba'a.

Da ido ake gane hannun gwanayen. Richard Powers, wanda ya yi wa kamfanin buga littattafai na Ballantine aiki tun 1953, yana zana siffofi narkakku kamar na mafarki, da wuya ka ce ga mutum ga inji. Ed Emshwiller yana sa hannu da "Emsh". Chris Foss na Birtaniya ya yi suna a shekarun 1970 da manya-manyan kumbo masu ratsi-ratsin launi, da na'urar fesa fenti yake aiki. A ganinmu aikin Powers ya fi jure zamani, domin bai jingina da kamannin injinan lokacinsa ba.

Yaya ake gane bugun farko?

A duba shafin da ke bayan shafin suna, a nan ake rubuta karon bugu. A haɗa da lambar littafin da farashin da ke bango: idan farashi ya haura na asali, sake bugu ne. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ba ta zo ba sai wajajen 1970, don haka littafin da ke ɗauke da ita ba tsohon bugu na 1950 ba ne.

Me ke sa takardar yin ja tana karyewa?

Da niƙaƙƙen itace mai arha aka yi ta, ba a cire sinadarin lignin ba. Haske da iska na mayar da ita ruwan ƙasa, asid kuma yana cin zarenta. Gam ɗin ɗaurin ma yana bushewa, shi ya sa littattafan kamfanin Lancer suka yi ƙaurin suna wajen zubar da shafuka.

To yaya za a adana su?

Kada a buɗe littafin ya kwanta shimfiɗe, gadon bayansa zai tsage. A ajiye shi a tsaye, nesa da rana, a wuri mai sanyi da laima tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. A sa kowanne a ledarsa ta polypropylene, ban da ta PVC. Salatif haramun ne a nan: gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. A ƙasashenmu kuwa, a ɗaga kanta daga ƙasa da bangon ɗaki saboda gara, a riƙa dubawa da damina ko fumfuna ta kama.