Binciken kumburi a cututtukan amosanin gaɓɓai

Amosanin gaɓɓai suna ne guda da ya rufe cututtuka fiye da 100 masu taɓa gaɓoɓi, ƙashi, tsoka da jijiyoyin da suka ɗaure su. A zangunan Kumasi da Accra an fi cewa sanyin ƙashi. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne kumburi, wato martanin da garkuwar jiki ke mayarwa idan an ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga. A al'ada kumburi yakan gama aikinsa ya lafa cikin 'yan kwanaki, amma a waɗannan cututtuka sai ya ƙi lafawa, ya yi watanni ko shekaru yana cin gaɓar da ya zauna a ciki. Masu bincike a wannan fanni suna neman dalilin hakan, da kuma yadda za a tsayar da shi ba tare da an karya garkuwar jikin baki ɗaya ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna mutum miliyan 528 ne ke da zaizayewar gaɓa, miliyan 18 kuma ke da nau'in da ake kira rumatoyid, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari na masu shi mata ne.

## Abin da ke faruwa a cikin gaɓa

Tun ƙarni na farko wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamun kumburi huɗu: ja, tasawa, zafi da ciwo. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa likita kan dogara da taɓawa da matsawa fiye da kallo.

Bakin kowane ƙashi a cikin gaɓa a lulluɓe yake da guringuntsi, sannan akwai wani siririn tantani da ke zagaye gaɓar yana fitar da ruwan da ke sa ta santsi. A rumatoyid, fararen ƙwayoyin jini ne ke kwararowa cikin wannan tantani har ya yi kauri, ya bazu a kan guringuntsin yana zubo sinadarai masu narkar da shi, ya kuma zuga ƙwayoyin da aikinsu cin tsohon ƙashi su hau mai lafiya. Ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne TNF, IL-1 da IL-6. Mai ciwon yakan tashi da asuba yatsunsa da wuyan hannunsa a sanƙare, dama da hagu, sanƙarewar ta kai awa ɗaya ko fiye kafin ta saki. Alwala ma takan zama aiki.

Kumburin ba ya tsayawa a gaɓa. Shi ke kawo kasala da ƙarancin jini, yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya. Ƙashin da ya ci kuwa ba ya dawowa, kuma ramukan sukan fara bayyana a hoton ƙashi cikin shekaru biyu na farko. Daga nan aka samo ƙa'idar da likitocin fannin suke bi a yau: a fara magani cikin watannin farko, a riƙa aunawa, a canja shi idan bai yi ba, har kumburin ya kwanta.

Sauran nau'o'in kowanne da tushensa. A gawut, sinadarin yurik asid ne ke taruwa ya daskare cikin gaɓa da siffar allura, galibi a babban yatsan ƙafa. Nama, kayan ciki, giya da lemon kwalba sukan tayar da shi, amma a yawancin mutane asalin matsalar ita ce ƙoda ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata. A lufus, garkuwar jiki tana kai hari ga fata, gaɓoɓi, jini da ƙoda, kuma ya fi kama mata masu shekarun haihuwa. Zaizayewar gaɓa kuwa an daɗe ana ɗaukarta gogewa ce kawai ta tsufa da nauyi, sai daga baya aka ga akwai ɗan kumburi na ƙasa-ƙasa a cikinta, kuma kitsen jiki da kansa yana fitar da saitokin.

## Tarihin binciken

A 1800 wani likita a Faris, Landré-Beauvais, ya fara siffanta rumatoyid a matsayin cuta mai zaman kanta. Alfred Garrod na Landan ya nuna a 1848 cewa yurik asid yana da yawa a jinin masu gawut, shi ne kuma ya raɗa wa rumatoyid sunansa a 1859. A 1940 Erik Waaler na ƙasar Norwe ya ba da rahoton wani sinadari a jinin masu ciwon, wanda har yau ake gwada shi, kuma wannan ya fara karkato hankali zuwa ga garkuwar jiki.

A 1948 Philip Hench ya yi wa wata mata da ba ta iya tashi daga gado allurar kotizon a asibitin Mayo da ke Amurka. Cikin kwanaki ta miƙe tana tafiya. An ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein, amma murnar ba ta daɗe ba, domin da aka ci gaba da bayarwa sai ga hawan jini, ciwon sukari, kumburin fuska da raunin ƙashi. Magungunan wannan dangi, irin su firedinisolon da deksametazon, har yanzu ba a samu wanda ya fi su saurin kwantar da kumburi ba, illarsu kuma ba ta canja ba.

John Vane ya gano a 1971 cewa asfirin da 'yan'uwansa suna aiki ne ta hana jiki haɗa sinadarin furostagilandin, wanda ke tayar da ciwo da kumburi, yake kuma kare ciki da ƙoda. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa suke rage ciwo, da kuma dalilin da ya sa suke ƙwaƙule ciki su taɓa ƙoda. Ba sa hana ƙashi lalacewa. Wanda ke yin hakan shi ne metotirekset, tsohon maganin sankara da ake sha kaɗan, sau ɗaya a mako. Amurka ta amince da shi don rumatoyid a 1988, kuma shi ne ginshiƙin jinya a duniya har yau. Yana da araha, sai dai yana buƙatar gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci, kuma mai ciki ba ta shan sa.

Babban sauyi ya fito ne daga Cibiyar Kennedy, wadda take Landan a lokacin. Marc Feldmann da Ravinder Maini da abokan aikinsu sun riƙa karɓar tantanin gaɓa da aka cire wa majinyata lokacin tiyata suna rainonsa a ɗakin gwaji. A lokacin masana da yawa suna ganin saitokin sun yi yawa, ko an toshe ɗaya sauran za su ci gaba. A 1989 sai suka nuna cewa idan an toshe TNF kaɗai, IL-1 ma yana raguwa, ke nan akwai na gaba a cikinsu. A 1992 suka gwada maganin toshe TNF a kan majinyata 20, aka ga sauƙi a fili. Zuwa 1998 maganin farko na wannan dangi ya shiga kasuwa, wasu suka biyo baya, ciki har da adalimumab a 2002. A Japan, aikin Tadamitsu Kishimoto a kan IL-6 ya haifar da tosilizumab. A 2012 aka samu na farko don rumatoyid cikin ƙwayoyin sha masu katse saƙon saitokin daga cikin ƙwayar halitta.

Ta fuskar gano ciwon kuwa, masu bincike a Holan sun fito da tushen gwajin da ake kira anti-CCP a 1998. An ga wannan alama tana iya bayyana a jini shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo, abin da ya sa ake zargin matsalar tana farawa ne a huhu ko dasashi. Shan taba na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin. A 2006 kuma ɗakin gwajin Jürg Tschopp a Suwizalan ya nuna hanyar da daskararren yurik asid ke bi ya sa jiki sakin IL-1.

## Afirka ta Yamma

A 1968 Brian Greenwood, yana aiki a Ibadan, ya lura cewa ba a cika ganin rumatoyid da lufus a asibiti ba, ya kawo shawarar cewa zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da ake tasowa da su suna iya danne irin wannan tawaye na garkuwa. Tambaya ce mai kyau, amma an mayar da ita hukunci, aka yi shekaru ana koya wa ɗalibai cewa waɗannan cututtukan Turawa ne, likita kuwa ba ya neman abin da aka ce masa babu. Da aka samu ƙwararru sai majinyata suka bayyana: a 2010 Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin masu rumatoyid 200 daga asibiti guda a Legas. A Ghana, Dzifa Dey ta asibitin koyarwa na Korle Bu ta yi fice a wannan aiki, ta kafa ƙungiyar tallafa wa majinyata, ta kuma shugabanci haɗaɗɗiyar ƙungiyar likitocin fannin ta Afirka. Duk da haka ƙwararrun ƙalilan ne a Ghana, ƙasar da ƙidayar 2021 ta ba mutum miliyan 30.8.

Akwai abubuwan gado da suka bambanta yankin. Alamar HLA-B27, wadda aka danganta da sanƙarewar ƙashin baya a 1973, ba ta da yawa a nan, kuma ko a cikin Fulanin Gambiya da aka same ta, ciwon bai bi ta ba kamar yadda yake yi a Turai. Sai kuma wasu nau'o'in ƙwayar gadon APOL1 da aka bayyana a 2010, masu yawa a Ghana da Najeriya: suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna sa ƙoda saurin lalacewa, har da ta mai lufus.

Likita a Kumasi yana da tambayoyin da takwaransa na Landan ba ya farawa da su. Kusan kashi 2 cikin ɗari na jariran Ghana ana haifarsu da sikila, wadda ciwon ƙashinta a lokacin sanyi sananne ne tun kafin zuwan asibiti. Felix Konotey-Ahulu ya yi rubutu mai yawa a kanta, kuma a Kumasi Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a 1995. Sikila tana kashe kan ƙashin ƙugu, tana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta su shiga ƙashi. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. Yaro mai ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba yana iya tashi da zazzaɓi mai yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, ya bar masa lalatacciyar zuciya. Gwaje-gwajen kumburi na yau da kullum, ESR da CRP, suna hawa a duk waɗannan, don haka hawansu kaɗai ba ya faɗin wane ciwo ne.

Sababbin magungunan ma da sharaɗinsu. TNF ne ke taimaka wa jiki ya killace ƙwayar tarin fuka da ke kwance, idan an toshe shi sai ta farka. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Ghana. Dole ne a gwada duka biyun kafin a fara. Ga kuma tsada da buƙatar firji.

## A cikin zango

A Aboabo, Asawase, Nima ko Madina, mai ciwon gaɓa yakan fara da shagon magani, ya sayi diklofenak ko ibufurofen, sai man kaɗanya da tausa, sai wanzami ya yi ƙaho. Ciwon yana raguwa, kumburin yana ci gaba, har watannin da magani ya fi amfani a cikinsu su wuce. Mafi haɗari shi ne shan deksametazon ba bisa umarnin likita ba, ko haɗin gargajiya da aka cusa masa shi a ɓoye, abin da hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa suka sha kamawa. Daina shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha shi ma haɗari ne.

Ba kowane ciwon gwiwa ke buƙatar ƙwararre ba. Dattijuwar da ta koma yin salla a kan kujera, ko 'yar dakon da ke ɗaukar kaya a ka a kasuwar Kejetia, galibi zaizayewa ce ko wahalar aiki ke damunsu. Abin da bincike ya fi tabbatarwa a zaizayewa shi ne motsa jiki, ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba. Har yanzu ba a samu maganin da ke mayar da guringuntsi ba.

Batun sanyi kuwa, wani nazari na Jami'ar Manchester da aka wallafa a 2019, wanda ya bi dubban masu ciwo ta wayar salula, ya ga ciwon yana ɗan ƙaruwa a ranakun da iska ke da laima ko take kaɗawa. Hunturu da damina suna iya tsananta abin da ake ji, amma ba su ne ke haddasa cutar ba.

Tsirrai ma ana nazarinsu, kuma Ghana tana da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong-Akuapem tun 1975. Citta, kurkur da wani ɗan'uwan hano na Indiya sun nuna ɗan rage ciwon gwiwa a ƙananan gwaje-gwaje. Babu ɗayansu da aka nuna yana hana rumatoyid cin ƙashi.

## Inda aka dosa

Yanzu ana iya karanta ƙwayoyin tantanin gaɓa ɗaya bayan ɗaya, kuma an ga majinyata biyu masu suna ɗaya na ciwo suna iya bambanta ƙwarai a ciki, abin da zai iya bayyana dalilin da magani ke yi wa wannan aiki ya ƙi yi wa wancan. Wasu, irin su Charles Serhan a Amurka, sun karkata ga sinadaran da jiki ke haɗawa don ya kashe kumburi da kansa. A 2021 ƙungiyar Georg Schett a Erlangen ta Jamus ta yi wa wata budurwa mai matsanancin lufus jinya da ƙwayoyin garkuwarta da aka sake wa tsari a ɗakin gwaji, dabarar da aka aro daga jinyar sankarar jini, ciwon ya kwanta har ta ajiye magunguna. Waɗanda aka yi wa hakan kaɗan ne, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin asibitocin duniya.

Abin da ya fi kusa da majinyacin Kumasi shi ne kwafin magungunan toshe TNF da ake yi bayan wa'adin mallakarsu ya ƙare, waɗanda suka karya farashi a Turai da Indiya, sai kuma rajistar majinyata da horar da likitocin gundumomi su gane kumburarriyar gaɓa su tura mai ita asibitin Komfo Anokye ko Korle Bu da wuri.