Ƙayyade yawan gidaje a ginin cike gurbi

Ginin cike gurbi shi ne gina sababbin gidaje a cikin unguwar da ta riga ta kafu: a kango, ko filin da aka tsallake tsakanin gidaje, ko bayan wani babban gida, ko kuma a rushe tsohon gida a ta da gidaje da yawa a mazauninsa. Amfaninsa a fili yake, domin titi da ruwan famfo da wutar lantarki da makaranta duk suna nan, kuma gari ba ya ƙara cinye gonakin da ke kewaye da shi. Ƙayyade yawan gidaje kuwa dokar hukumar tsara birane ce da ke faɗin gida nawa fili zai ɗauka.

Hukumomi sukan auna abin ta hanyoyi dabam-dabam. Wasu suna ƙirga gidaje a kowace hekta, wasu suna yanke mafi ƙanƙantar fulotin da za a yarda a yanka, wasu kuma suna kwatanta jimillar faɗin daɓen ginin, har da na benaye, da faɗin fulotin. A kan waɗannan ake ƙara iyakar tsawon gini da tazarar da za a bari tsakaninsa da titi da katangar maƙwabci.

Iyakar ba ta sama ce kaɗai ba. A Ingila, jagorar gwamnati ta shekarar 2000 ta nemi a riƙa gina gidaje 30 zuwa 50 a hekta ɗaya, don kada a yi almubazzaranci da ƙasa. A lokacin ana lissafa lambunan gidaje cikin filayen da aka taɓa ginawa, sai magina suka riƙa sayen gidaje masu manyan lambuna suna cike su da gini. Ƙorafin mazauna unguwanni ya yi yawa, har a watan Yunin 2010 sabuwar gwamnati ta soke ƙa'idar gidaje 30, ta kuma cire lambuna daga wancan lissafi.

A Amurka matsalar ta biyo ta wata ƙofar. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1926, wanda ya halasta wa garuruwa raba ƙasa shiyya-shiyya, yawancin filayen zama a birane da dama an keɓe su ga gida ɗaya na iyali ɗaya a kowane fuloti. Da kuɗin haya ya gagari mutane, sai aka fara sassautawa. Houston ta rage mafi ƙanƙantar fuloti a tsakiyar gari daga ƙafa murabba'i 5,000 zuwa 1,400 a 1998. Minneapolis ta amince da gidaje uku a fuloti ɗaya a 2018. Jihar Oregon kuma ta yi doka a 2019 da ta tilasta wa garuruwa masu mutane sama da 10,000 su yarda da gidaje biyu a fuloti.

Tsarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Portland, babban birnin kasuwancin Oregon, wanda majalisar birnin ta zartar a watan Agustan 2020, ya fara aiki a 2021. Masu tsara shi sun lura cewa abin da ke damun maƙwabta ba yawan ƙofofi ba ne, girman ginin ne: shi ke tare rana, shi ke leƙa tsakar gidan wani. A da, magini yakan rushe ƙaramin gida ya dasa ƙaton gida guda mai tsada, doka ba ta ce masa komai. Sai suka ɗaure girman gini, suka saki yawan gidaje. A fuloti mai ƙafa murabba'i 5,000, wato daidai da fulotin ƙafa 50 a 100 da aka saba yankawa a Najeriya, jimillar faɗin daɓen gida ɗaya, har da na benaye, ba za ta wuce ƙafa murabba'i 2,500 ba. In gidaje biyu ne a ba su 3,000, in uku ne 3,500. An yarda da gidaje huɗu, har shida idan rabinsu na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma an daina tilasta ware wurin ajiye mota. Hikimar ita ce, mai son ƙarin gini dole ya samar wa ƙarin iyalai matsuguni.

Masu adawa suna kawo cunkoson motoci da sare bishiyoyi da sauya kamannin unguwa. Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta magudanar ruwa. Duk filin da aka shafe da siminti ya daina shan ruwan sama, kuma bututun da aka binne don gidaje ɗari ba lallai ya ɗauki na ɗari uku ba. Saboda haka hukumomi da dama sukan haɗa iyakar yawan gidaje da sharaɗin barin wani kaso na fulotin ba gini, a kuma auna ƙarfin bututu da kwalbati kafin a ba da izini.