Yadda ake tantance marasa lafiya a sashen gaggawa na asibitocin Saudiyya

Ƙorafin da aka fi ji daga 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda game da sashen gaggawa, wanda kowa ke kira ɗawari, shi ne mutum ya yi sa'o'i a zaune, sai a shigar da wanda ya zo bayansa. Wasu na ɗaukar hakan a matsayin wariya ga baƙo, alhali ƙa'idar sashen ba ta la'akari da wanda ya riga zuwa, tsananin ciwo take dubawa.

Da zarar mara lafiya ya iso, ma'aikaciyar jinya za ta auna hawan jininsa da bugun zuciya da zafin jiki, ta maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa don ganin yawan iskar da ke cikin jininsa, sannan ta sanya shi a ɗaya daga cikin matakai 5 na tsarin tantance tsananin ciwo da ake kira CTAS, wanda aka samo daga Kanada. Wanda zuciyarsa ko numfashinsa ya tsaya yana mataki na 1, kuma nan take ake rufuwa a kansa. Mataki na 2, kamar ciwon ƙirji mai kama da na zuciya, ana so likita ya gan shi cikin minti 15, na 3 cikin minti 30, na 4 cikin minti 60, na 5 kuwa, irin su mura mara tsanani, har minti 120. Waɗannan lokuta manufa ce da ake ƙoƙarin cimmawa, ba alkawari ba, domin idan gadaje suka cika a ɗakunan kwanciya, sai waɗanda aka yanke shawarar kwantarwa su maƙale a ɗawari, jira ya ƙaru ga kowa. A ganina wannan matsalar ta fi yawan masu mura tasiri wajen cunkoso. Duk wanda ya ji ciwonsa na ƙaruwa yana zaune, haƙƙinsa ne ya koma a sake auna shi, don matakin yana iya canjawa.

Don rage cunkoson, Ma'aikatar Lafiya na karkatar da masu ƙananan larurori zuwa cibiyoyin lafiya na unguwanni, kuma ta tanadi lambar 937 da ake samun shawarar likita dare da rana, da manhajar Sehhaty ta neman ganin likita. Motar asibiti ta hukumar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar (Red Crescent) kuwa 997 ake kira.

Akwai kuma tanadin da ya kamata kowane ma'aikaci mai iƙama (takardar izinin zama) da kowane mai Umara ya sani: dokar cibiyoyin lafiya masu zaman kansu ta wajabta musu ba da taimakon gaggawa ga duk wanda aka kawo cikin mawuyacin hali, ba tare da neman kuɗi kafin a fara ba. Wannan ba ya nufin an yafe kuɗin, bayan an ceto rai ne ake zancen inshora ko biya, kuma asibitin da ya ƙi bin wannan ana kai ƙararsa ta 937.