Rajistar biyan albashi a jihohin Amurka

Rajistar biyan albashi ita ce buɗe asusun haraji da mai ɗaukar ma'aikata a Amurka yake yi a hukumomin jiha. Lambar shaida ta EIN da hukumar harajin tarayya, IRS, take bayarwa ba ta wadatarwa, domin kowace jiha da nata dokokin, kuma galibi abin da ake dubawa shi ne inda ma'aikaci yake yin aikin, ba inda hedikwatar kamfani take ba. Kamfanin da ke Teksas, idan ya ɗauki mutum ɗaya tak da ke aiki daga gidansa a Kalifoniya, dokar Kalifoniya ta hau kansa ke nan, kuma a can wajibi ne ya yi rajista da EDD, hukumar da ke karɓar harajin albashi a jihar, cikin kwana 15 da zarar albashin da ya biya ya haura dala 100 a zangon wata uku.

Asusu biyu aka fi buɗewa. Na farko na harajin da ake cirewa daga albashi ne, wanda jihohi tara, ciki har da Teksas da Fulorida da Alaska, ba sa karɓa.

Na biyu, wato na inshorar rashin aikin yi, babu jihar da ta yafe shi, kuma tushensa dokar jin daɗin jama'a ta 1935 ce. Gwamnatin tarayya ma tana ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata harajin kashi 6 cikin ɗari a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci a shekara, amma wanda ya biya na jiharsa a kan kari ana yi masa rangwamen da ya kai kashi 5.4, sai ya rage 0.6 kacal. A nan ne jinkiri yake da tsada, domin bayan tarar jiha, wani ɓangare na rangwamen ma yana iya kuɓucewa. Kason jiha kuwa ba ɗaya ba ne ga kowa: sabon kamfani ana yanka masa na somin-taɓi, daga baya a ƙara ko a rage gwargwadon yawan ma'aikatan da ya sallama suka je neman tallafi.

Tun wata dokar tarayya ta 1996 kuma, dole ne a sanar da jiha kowane sabon ma'aikaci cikin kwana 20, abin da hukumomi suke amfani da shi wajen gano iyayen da suka ƙi biyan kuɗin ciyar da 'ya'yansu.